Katin da Tururi Ya Lanƙwasa

Shekara ashirin da shida Mukoda yana dafa taliya a wani lungu na Osaka, kuma duk Lahadi sai ya rufe shago ya zo gasar wasan kati mai hotunan dodanni. Bai taɓa cin ko cokali ba. Matarsa Sumie ta yi mita har ta gaji, ta koma ƙulle masa shinkafar rana. Ni ne alƙalin gasa a unguwarmu, abokinsa kuma tun muna da gashi a ka.

Bara likita ya ce idonsa na hagu ya tafi, na dama yana bin sahu. Rubutun kati sai ya kai shi bakin hanci. A shekarar ce kuma wasa ya karɓe shi, ya kai karon ƙarshe na yanki, inda wanda ya ci zai tafi Tokyo. Shi da ni duk mun san ba zai sake samun wannan damar ba.

A can ma ni ne alƙali, kafin a fara karon aka miƙo mini katunansa in duba. Ɗaya mai ƙyalli ya lanƙwashe, ko a kife za a gane shi. Dokar ba ta da kwana-kwana: katin da ya lalace ana cikin gasa, alƙali ya rubuta madadinsa da hannu, wanda aka zo da shi a lalace, mai shi ya nemo irinsa cikin minti goma ko ya haƙura. Irin nasa kuwa an daina bugawa tuntuni.

Na zaro alƙalami, na sassauta murya.

"Tsoho, zafin ɗakin nan ne ya lanƙwasa shi, ko? Yau ɗin nan."

"Wane zafi? Sanyi na neman kashe ni. Tururin tukunya ne, tun watan jiya na manta shi a kan kantar shago."

"Ka dai sake tunani."

"Kai Tokuda, kunnenka ya bi idona ne? Na ce maka tukunya."

Ya faɗa da ƙarfi, irin na mai kiran kwano biyu a shago. Abokin karawarsa ya ji, 'yan kallo sun ji. Na mayar da alƙalami aljihu.

Ya zagaye teburori yana tambaya, yana sunkuyar da kai ga kowa. Babu mai shi. Da minti goma suka cika ya dawo, ya rusuna wa abokin karawar, ya ce a ci Tokyo da kyau.

Abin da ke cina har yau shi ne babu wanda ya ga katin sai ni. Da na rubuta madadin shiru, da an wuce wurin. Amma na so ƙaryar ta fito daga bakinsa, hannuna ya zauna da tsabta, alhali na san mutumin ko gishiri ya yi yawa a romo sai ya faɗa wa mai saye.

Bai taɓa yi mini gori ba. Da bazara ta zagayo ya kawo mini katunan duka a kwalin takalmi, ya ce in bai wa mai ido.