Baba Saiti da Tagar Aji Biyu

Shekara arba'in da ɗaya Baba Saiti ya yi yana aikin kafinta, kuma ba a taɓa jin ya shiga gidan mutum ya fito bai ga abin da ya karkace ba. In ya je dubiya, kafin ya ce "ya jiki" ya riga ya girgiza ƙafar gadon. In aka ba shi kujera, sai ya kifa ta ya duba ƙarƙashinta sannan ya zauna. Hukuncinsa kuwa kullum ɗaya ne: "Wannan ba ta yi saiti ba." Daga nan sunan ya bi shi, har marigayiya matarsa da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Bara waccan hannunsa na dama ya fara rawa. Ɗansa, wanda kowa ke kira Akawu saboda aikin ofis da yake yi, ya rufe shagon, ya ɗauko tsohon ya dawo da shi gidansa, ya kulle akwatin kayan aikin a sito, ya jefa makullin a aljihu.

"Baba, ka yi naka. Yanzu sai hutu."

Baba ya huta, irin hutun zakara a akurki. Abin da ya tsira da shi daga wannan kamu shi ne tef ɗin awo da wani guntun fensir da ke bayan kunnensa. Da su ya auna duk ƙofofin gidan sau uku uku, ya sanar da surukarsa sakamako, ita kuwa ba ta tambaya ba.

A gidan akwai jikarsa, 'yar shekara bakwai, 'yar aji biyu, ana ce mata Aku. Shi dai "uwargida" yake kiranta, ita kuma ta ce ba ta auren mai furfura. Yarinyar na son makaranta kamar ta kwana a can, sai dai tana da ƙirji. Da zarar iska ta juya, sai tari. A bana ma tun da itatuwan bakin titi suka fara zubar da ganye, rana ta fara faɗuwa da wuri, aka fara jin ƙuh-ƙuh daga ɗakinta.

Wata Litinin a ƙarshen kaka ta dawo daga makaranta ta tsaya a gabansa, hannu a ƙugu.

"Gobe ka yi wanka da wuri. Malama ta ce kowa ya zo da kaka cikin aji, a gani, a taɓa."

"A taɓa? Ni ɗin?"

"Haka ta ce. In ba ka zo ba sifiri za a ba ni."

Washegari Baba Saiti ya sa rigarsa ta fita, ya goge takalmi, ya bi jikarsa. A ƙofar aji suka tarar da yara talatin, kowa da abinsa a hannu: wannan busasshen ganye ja, wancan rawaya, wata da ƙwayayen itace a leda, wani ya jawo reshe guda yana share baranda da shi. Malama, wata matashiya mai tabarau, ta dubi tsohon, ta dubi Aku.

"Sannu da zuwa, Baba. Lafiya dai?"

Aku ta amsa masa. "Malama, macen ta rasu, shi ne na kawo namijin."

Malama ta toshe baki da littafin rajista, kafaɗunta na rawa. Da kyar ta iya bayanin cewa kakar da take nufi ita ce wadda ganye ke zuba a cikinta, ba wadda ta haifi uba ba. Baba ya ce ai babu asara, shi ma gashinsa ya zube, haƙoransa na kan hanya, a sa shi a darasin kawai. Aka ba shi kujera kusa da jikarsa, a layin taga. Bai samu damar kifa ta ba, don idon yara talatin na kansa. Ya zauna gwiwoyinsa na gaisawa da haɓarsa.

Bai yi minti biyar ba ya ji wani sanyi na sukar wuyansa kamar tsinin allura. Ya waiga. Tagar katako ce mai gilashi, ruwan sama ya kumbura ta, ta murɗe, gindinta ya ƙi shiga firam. An cusa tsumma da kwali a kafar, iska kuwa ta mai da su abin wasa. Ya zaro tef. Faɗin kafar ya kai yatsa biyu da rabi, daidai kunnen Aku.

"Malama, wannan tagar tun yaushe?"

"Tun bara, Baba. An rubuta takarda, ana jira. Na sauya wa yaran wuri har na gaji, ajin ya yi mana kaɗan, kuma iskar ko'ina tana kaiwa."

Da ya koma gida ya yi kuskuren da ya fi kowane girma a wannan makon: ya ba da labari a gaban surukarsa. Maman Aku a kemis take aiki, ta san sunan kowane tari da kakansa. Ta ajiye cokali.

"Ashe shi ya sa! To, wallahi ta gama zuwa. Daga Litinin tana gida har sanyi ya wuce. Bara kwana shida muka yi a asibiti, ba zan sake ba."

"Wata uku fa ke nan," in ji Akawu.

"Ko shida ne."

Aku ta fashe da kuka, kukan ya koma tari, tarin ya zama shaida a kanta. Baba ya bari ta lafa, sannan ya ce, "'Yata, in tagar ta rufu kafin Litinin fa?"

"In ta rufu, Baba, ni da kaina zan je in gani. In na ji iska ko ta numfashin sauro ce, magana ta ƙare."

Laraba da sassafe yana ofishin Hedimasta, wani mutum mai fara'a wanda ya ƙware wajen cewa a'a cikin ladabi. Ya ce shi ma abin na damunsa, amma doka ta hana kowa buga ko ƙusa ɗaya a ginin makaranta sai kwamitin iyaye ya zauna ya amince. Kwamitin kuwa sai ƙarshen wata mai zuwa.

"Sanyin ya san da wannan tsarin?" in ji Baba.

Hedimasta ya yi dariya, ya ce in iyaye goma suka nemi zaman gaggawa, shi ba zai hana ba.

Da aka tashi makaranta, Baba Saiti ya kafa kansa a bakin get kusa da mai gadi. Duk wanda ya zo ɗaukar ɗan aji biyu, sai ya ji an riƙe masa hannun riga. "Ɗana, minti ɗaya. 'Yata, zo ki ga wani abu." Ba ya wa'azi, ba ya ƙorafi. Kai mutum yake yi gindin tagar ya ce, "Sa wuyanka nan." Da direban bas, da mai ɗinki, da wata ma'aikaciyar jinya da ta taso daga aiki idonta jawur, duk sun sa wuya. Mai gyaran waya ya ce sauri yake yi, Baba ya ce ita ma iskar sauri take yi, ya sa. Kafin mai gadi ya rufe get an samu goma sha uku.

Aka sa zama ranar Alhamis da yamma. Baba ya roƙi alfarma ɗaya: a yi shi a aji biyu. Shugaban kwamitin wani mai aski ne da Allah ya hore wa baki, wanda in ya ce "a taƙaice" mutane ke gyara zama. Baba ya tare shi tun daga ƙofa da girmamawa, ya ce babba ai sai wuri mai haske, ya kai shi kujerar Aku. Mai aski ya miƙe ya fara da tarihin makarantar. Bai kai shekara ta uku ba ya yi atishawa. Ya ɗaga kwalar riga, ya ci gaba. Ya sake yi, har biyu a jere. A karo na huɗu ya ce, "Jama'a, a taƙaice, wa bai yarda a gyara ba?" Ba a taɓa gama taron kwamitin nan cikin minti goma sha biyu ba sai ran nan.

Saura makulli. Juma'a da safe Baba ya tare Akawu yana ɗaura igiyar takalmi.

"Ba ni makullin sito."

"Baba, likita ya ce..."

"Likita ya ce kada in hau tsani. Tagar nan da kaɗan ta fi ƙuguna tsayi."

"Hannunka fa?"

"Hannuna nawa ne. 'Yar taka ce za ta zauna wata uku tana kallon bango."

Akawu ya ƙarasa ɗaure takalminsa. Sannan ya ce makullin ba zai bar hannunsa ba, amma shi zai ɗauki akwatin ya kai, ya tsaya ya ga abin da za a yi.

Asabar gari ya waye da yayyafi. Mai gadi ya buɗe musu ajin. Direban bas ya zo, mai ɗinki ta zo da wata doguwar roba da ta yanko, mai aski ya zo da mayafi a wuya don ba da shawara. Baba ya buɗe akwatinsa, warin man ƙarfe da tsohon katako ya bugi hancinsa. Ya ɗauki sukundireba ya nufi sukurun farko.

Bakin ƙarfen ya ƙi zama. Ya kai shi, ya zame. Ya sake kaiwa, ya dafe hannun dama da na hagu, ƙarfen ya yi ta ƙwanƙwasa katako kamar mai sallama. Sau na uku ya karce fenti. Direban bas ya juya yana karanta jadawalin sau biyu da ke bango kamar bai taɓa ganinsa ba. Mai aski kuwa ya duƙufa gyaran mayafinsa.

Baba ya dubi hannun nan da ya ciyar da gida shekara arba'in da ɗaya. Ya yi tsaki kaɗan. Sannan ya miƙa wa ɗansa sukundireban.

"Cire agogon nan. Kama."

"Baba, ni ban iya ba."

"Na sani. Ni ne shaida. Kama dai."

Akawu tun yana yaro yake gudun shagon ubansa, wai ƙurar katako na sa shi atishawa. Yanzu ga shi durƙushe da wandon ofis, uban na tsaye a kansa.

"Hagu ake kwancewa. Hagunka, ba na maƙwabta ba. Danna kafin ka murɗa. Kai, sukuru ne, ba biro ba!"

Suka sauke tagar, direban bas ya riƙe ta a kan tebur biyu. Baba ya bi gefenta da tafin hannu, ido a rufe, ya ja layi da fensir. Layin ya ɗan yi rawa, amma ya san inda ya nufa. Akawu ya shiga fiƙe katakon, siraran ɓawo na nannaɗewa suna zuba a kan takalminsa.

"Tsaya. Ka ci da yawa a nan. Katako ba takarda ba ne, ba a goge kuskure."

"To ai kai ka ce in danna."

"Na ce ka danna, ban ce ka rama ba."

Sau uku suna ɗora tagar suna saukewa. Aka matsar da sakata, mai ɗinki ta bi firam da robarta tana cewa ita dai ko a riga ba ta yarda da baki mai gaɓa ba. Akawu ya bugi babban yatsansa da guduma, ya buɗe baki, ya tuna a aji biyu yake kuma ubansa na kusa, ya haɗiye abin da ya zo masa. Wajen azahar Baba ya ce a tura. Tagar ta shige da wata 'yar ƙara mai taushi, sakata ta faɗa raminta.

Akawu ya buga waya. Ba a jima ba Maman Aku ta iso daga kemis da farar rigarta ta aiki, Aku na biye da ita an naɗe ta kamar damin kaya. Ba ta yabi kowa ba. Ta zauna a kujerar 'yarta, ta zaro zare ɗaya daga bakin gyalenta, ta riƙe shi a gindin tagar. A waje iska na kaɗa rassa, tana watsa jiƙaƙƙen ganye a jikin gilashi. Zaren ya rataya bai motsa ba. Ta kai shi sama, ta kai shi gefe, ta bi kusurwa huɗu. Ta jiƙa bayan hannunta ta sake bi. Mutum biyar da yarinya ɗaya suka riƙe numfashi, don kada a ɗora wa tagar laifin wani.

Ta miƙe ta kakkaɓe riga.

"Ta zo ranar Litinin. Amma da hula da safa biyu."

Aku ta yi tsalle ta rungume ƙafar kakanta, ta ce ta fasa, za ta aure shi. Ya ce sai ya yi shawara. Maman Aku ta kama yatsan mijinta ta duba, ta ce ba zai mutu ba.

Litinin ta zo da sanyin da ya fi na duk makon. Baba Saiti ya raka jikarsa har get, amma bai juya gida ba. Ya roƙi mai gadi, ya zagaya bayan ginin, ya tsaya a cikin jiƙaƙƙen ganye daidai tagar aji biyu, hannayensa a hammata. Aku ta hango shi. Ta cire hula ta ɗaga masa, ta matso da fuskarta jikin gilashi tana ba shi wani labari da hannu da ido. Ya karkata kai, ya kawo kunnensa mai kyau kusa da firam. Bakinta na ta motsi, shi kuwa bai ji ko kalma ɗaya ba. Wannan kam ta yi saiti.