A Madadin Hedimasta

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati, fuskoki da yawa sun ɓace mini, amma har gobe ban manta da ranar da sabon Sakataren Ilimi ya ajiye fayil ɗin Malam Yohanna Bawa a gabana ya yi mini tambaya ba. Ku da kuke zolayata wai tsoho ya cika son takarda, ku gyara zama ku ji inda na kwaso ciwon.

Lokacin ni ne jami'in kula da ma'aikata a sashen ilimi na wata ƙaramar hukuma a nan yankinmu na Funtua da Malumfashi, ba sai na kama suna ba. Fayil ɗin kowane malamin firamare yana hannuna, tun daga ranar da aka ɗauke shi aiki har ranar da zai ajiye.

Bari in fara da riƙon ƙwarya, don na san a cikinku akwai waɗanda sunan kawai suke ji. In mai kujera ya yi doguwar jinya ko aka tura shi wani wuri, sai a ce wa na ƙasa da shi ya riƙe. Ƙa'ida ita ce a ba shi takarda mai ɗauke da ranar da ya fara da dalilin da ya sa. Da wannan takarda ake biyansa alawus na riƙo, kuma da ita ake fara duba shi kafin kowa in an tashi cike gurbin. In babu ita, ko shekara goma ka yi kana buɗe ofis kana rufewa, a wurin gwamnati taimako ka yi, sai dai Allah ya biya ka.

To, akwai wata firamare a wani ƙauye can bayan Dayi. Hedimastanta Malam Iro, dattijo mai haƙuri, saura shekara biyu ya yi ritaya. Farkon wata damina yana gona yana sa wa masara taki ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma da kyar take fita. Mataimakinsa shi ne Malam Yohanna, mutumin wajen Kafur, ɗan gidan Kirista manoma. Malam Iro ne ya koyar da shi a firamare, kuma shi ya taka har gidansu ya roƙi mahaifinsa a bar shi ya wuce makarantar horon malamai. Don haka ko a bayan idonsa bai taɓa kiran sunansa ba, Malam kawai yake cewa.

Yohanna ya zo ofis a kan babur ya kawo rahoto, wandonsa duk taɓo. Ina jin bayanin na san abin da zai biyo baya. In na rubuta takardar riƙo, dole in faɗi dalili. Dalilin zai tafi hedikwata, a sa likitoci su duba Malam Iro, a sallame shi kafin lokacinsa. Ga gida cike da iyali, ga magani, ga fansho da kowa ya san ba ya zuwa da wuri. Na shiga wurin Sakataren Ilimi na lokacin muka yi shawara, ya ce in yi abin da na ga ya dace, shi bai ji ba bai gani ba.

Na fito na ja Yohanna gefe, na ce masa, “Malam Yohanna, mu rufa wa dattijon nan asiri. Ka riƙe makarantar, amma duk abin da za ka sa wa hannu, ka sa a madadinsa. Ranar da ya yi ritaya, ni da hannuna zan rubuta, ko layi biyar ne, cewa kai ka riƙe ta. Kujerar taka ce.”

Ya ce, “Malam Hamisu, ai ko ba ka faɗa ba. Ni in karɓi takarda a kan ciwon Malam? Da wane ido zan shiga gidansa?”

Wallahi na ji daɗin kaina a ranar. Na koma gida ina ganin na yi aikin lada.

Shekara biyu cur bawan Allahn nan ya yi yana koyar da ajinsa kuma yana tafiyar da makaranta. Kowane wata rahoto na zuwa mini, a ƙasa an rubuta “a madadin Hedimasta”, sannan sa hannunsa. Na taɓa kai ziyara na tarar ya sa ƙaramin tebur a bakin ƙofar ofis yana aiki a kai, kujerar Malam Iro kuwa tana nan a goge, babu mai zama. Na yi masa tsiya na ce ko ƙaya aka shimfiɗa a kanta, ya yi dariya ya ce mai ita yana nan da ransa. Mutanen gari in suka kira shi Hedimasta, sai ya ce Hedimasta yana gida. Duk ranar Juma'a bayan an tashi yakan ɗauki rajista ya je ya karanta wa Malam Iro, don dattijon ya ji har yanzu ana yi da shi. Da iska ta yaye rufin aji biyu, shi ya bi iyayen yara gida-gida har aka mayar. Taron hedimastoci da man babur ɗinsa yake zuwa. Gonarsa ta waken soya matarsa Saratu ce ta riƙa tsayawa a kan 'yan ƙwadago. Alawus ko sisi bai gani ba, kuma bai taɓa tambaya ba.

Ni kuwa me na yi? Sau da yawa na yi niyyar rubuta ɗan bayani, layi biyar kawai, in kai wa Sakatare ya sa hannu in adana a aljihun tebur har ranar da za a buƙata. Da na kai da ya sa hannu, na san halinsa. Amma kullum sai in ce a bari lokaci ya yi, me ake ci na sauri. Ana nan aka yi sauyin shugabanni a ƙaramar hukuma, aka ɗauke Sakataren aka kawo wani.

Malam Iro ya cika lokacinsa ya yi ritaya lafiya lau, babu wanda ya ce uffan. Ni kuma ranar ta wuce ban rubuta abin da na yi alkawari ba. Da gurbi ya buɗe, Yohanna ya rubuto takardar neman kujerar, ya ambaci cewa shi ya riƙe makarantar shekara biyu. Karo na farko ke nan da ya faɗi haka a rubuce, don ya san ina nan zan tsaya masa.

Sabon Sakataren matashi ne, ba mugu ba ne, mai bin ƙa'ida ne kawai. Ya kira ni da hantsi. Ya buɗe fayil, ya jera rahotannin wata-wata a kan tebur, duk da wannan “a madadin” ɗin. Sannan ya ɗago kai.

“Malam Hamisu, mutumin nan ya yi riƙon ƙwarya ko bai yi ba? In ya yi, ina hedimastan yake shekara biyu, kuma wa ya san da maganar?”

Na tuna kuɗin sallamar Malam Iro ba su fito ba tukuna, ana iya riƙe su. Wannan shi ne dalilin da na yi shekaru ina faɗa wa kaina. Amma tun da yau gaskiya na zauna faɗa muku, abin da ya fara zuwa raina shi ne sunana da aka riga aka tura don ƙarin girma, da takardar tuhuma da za ta hau fayil ɗina. Tsoro na ji.

Na ce, “Ranka ya daɗe, a fayil dai babu.”

Ban yi ƙarya ba, kun gani? A fayil babu, tun da ni ne ban sa ba. Ya ɗauki jan biro ya rubuta cewa babu shaidar riƙo. Cikin makon aka tura wani malami da ya fi Yohanna mataki ɗaya ya zama hedimasta.

An ba ni labari Yohanna da kansa ya goge kujerar, ya miƙa makullai da rajista, ya ɗauke ƙaramin teburinsa ya mayar aji. Yana iya kai ƙara, yana iya kiran sunana, shaidu gari guda gare shi. Bai yi ba, don ya san ƙarar ba ni kaɗai za ta ci ba, har da Malam. Ni kuma na samu ƙarin girmana. In na hango babur ɗinsa a harabar ofis sai in tsiri zuwa banɗaki.

Abin da ya fi ci mini rai, bayan shekara guda hira ta kawo mu kan maganar da Sakataren nan, na ɗan ɓalla masa gefenta. Ya dube ni ya ce da na gaya masa a ranar, da ya tura sunan Yohanna bisa cancanta ba tare da ya tono komai ba, amma yanzu alƙalami ya bushe. Ashe ƙofar a buɗe take, ni ne ban taɓa ta ba.

Bayan shekara takwas Yohanna ya kai lokacin ritaya, yana mataimaki, a kan matakin da na same shi. A kan wannan matakin aka lissafa masa fanshon da zai ci har ƙarshen ransa. Dole ya biyo ta ofishina ya sa hannu a takardun sallama, babu banɗakin da zai cece ni. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa masa biro. Ya sunkuya ya fara rubuta “a madadin”, sai ya tsaya, ya yi murmushi ya soke, ya ce hannu ya saba.

Nan idona ya ciko. Na ce masa, “Malam Yohanna, na cuce ka. Ka yafe mini.”

Ya gama sa hannunsa a natse, ya rufe biro ya ajiye. Ya ce, “Wanda na yi wa Malam, ko yau aka dawo zan sake yi. Layi biyar ɗinka ne dai na jira, Malam Hamisu. Amma na yafe, Allah ya yafe mana duka.”

Ya fita ya tayar da babur ɗinsa. Na daɗe zaune ina kallon wurin da ya soke.

Shi ya sa kuke ganin ina masifa in an ce wa ma'aikaci ya riƙe kujera da fatar baki. Mutanenmu suna da kunya, ba za su dubi babba su ce ya rubuta musu ba, suna ganin rashin yarda ne. Kai da ke riƙe da fayil, kai ne za ka ji kunyar a madadinsu, ka rubuta tun ranar farko. Rufin asiri abu ne mai kyau, ban ce ku daina ba, amma ku duba da mayafin wa kuke rufawa. Mu da na Yohanna muka rufa Malam Iro, aka gode mana, shi kuma aka bar shi a waje. Yana nan da ransa a ƙauyensu wajen Kafur, yana nomansa. Duk kaka yakan aiko mini da kwanon waken soya, kuma har yau ban iya cin sa da daɗi ba.