Saniyar da Hansai Ba Ta Tambayi Mai Ita Ba

A Safana kowa ya san Hansai da tambayar tsiya. Da mijinta ya rasu, ta ƙi kai gadonta inda za a ɗora masa kuɗin ruwa, ta ce ba za ta ci wuta da hannunta ba. Sai ta haɗa kai da ƙanen mijin, Haliru dillalin shanu: jari nata, zirga-zirgar kasuwa tasa, riba a raba. In an faɗi, ita ta yi asarar jari, shi ya yi ta wahalarsa. Sharaɗinta ɗaya ne, duk dabbar da za a ɗaure a turkenta sai ta ji ta wane ce, kuma me ya sa ya sayar. Har ba'a ake mata, wai ko kaza sai ta ji sunan kakanta.

Sau ɗaya ta yi shiru. Shekarar da ta sa ran kujerar Makka, Haliru ya dawo daga kasuwar Batsari da jibgegiyar farar saniya mai tsage a kunne, alhali jarin nata kaf bai wuce na maraƙi ba. Tambayar ta zo mata har baki, ta haɗiye.

Saniya lafiya lau, tana cin dusarta. Amma da la'asar ta yi, sai ta juya wajen ƙauyen Babban Duhu, ta sunkuyar da kai, ta lumshe ido kamar wadda ake sosa wa tsakanin ƙaho. Awaki su taru gefe guda su yi tsit. Hansai, wadda ba ta taɓa tsoron kowa ba, ta fara tsoron tsakar gidanta.

Ran nan wata tsohuwar Bafulatana, Inna Talatu, ta shigo tallan nono. Tana ganin saniyar ta sauke ƙwarya, ta zauna a ƙasa. Sai da aka gama gaisuwa ta ce saniyar ta ɗanta Surajo ce. Bara ɓarayi suka kore garken, suka kashe shi, suka bar shi kwance a bakin rafi. Da la'asar yakan sosa mata kai kafin su kamo hanyar gida.

Kunya ta rufe Hansai. Ashe da gaske araha ba ta ado. Ba ta jira dawowar Haliru ba, ta kwance igiya ta miƙa wa tsohuwar.

"Riƙe igiyarki, ɗiyata," in ji Inna Talatu. "Mai ita na gaba."

Saniyar ta ratsa zaure a hankali, kanta a ƙasa, tana bin hanyar da Hansai ba ta ga kowa a kai ba. Tsohuwar ta ɗauki ƙwarya ta bi su.

Bana ma Hansai ba ta je Makka ba. Da akuya guda ta sake farawa, sai da ta ji ta wane ce. Akuyar nan takan kwanta ko'ina a gidan, amma da la'asar ba ta zuwa kusa da turken.