Kalmar da Merto Ya Cafe

Mertodikromo ya tashi ne a gidan bupatin Kalisari, sarkin garin, inda uwarsa take zana furanni a kan yadi da narkakken kakin zuma. A can ya sha harshen Jawa na sama, wanda ake yi wa manya, mai tafiya a hankali kamar ruwa cikin gonar shinkafa. Na ƙasa kuwa, na kasuwa da barga, a bariki ya ƙware a kansa, lokacin da yake kula da dokin wani kyaftin mai jan gemu, Hendrik Ashdown.

Uban kyaftin mutumin Ingila ne, uwarsa 'yar Holan. Da harshen uwa yake addu'a, da na uba yake zagi, ya ce kuma sai an koya masa na uku. Merto ya ba shi abin da ke bakin sojoji. Ya ce masa "kai" shi ne kowe. Bai gaya masa kowe na yaro ne da bara da abokin wasa ba, babba kuwa sai panjenengan. Wa zai zaci mai kwana da takalmi a ƙafa zai taɓa zama gaban sarki?

Bayan shekara ashirin da biyu, yaƙi ya ci wa Ashdown yatsu biyu, ya biya shi da kujerar gwamna. Merto ya zama tafintansa. Ana saura kwana uku a kai wa bupati ziyarar farko, gwamna ya ce shi da bakinsa zai yi gaisuwa.

Merto ya koma gida ya kasa cin shinkafa. In aka ce wa tsohon bupati "kowe" a gaban jama'arsa, tashi zai yi ya shige ciki, sannan a tambayi wanda ya koyar. Ƙofar gidan da ya raine shi za ta rufe masa har abada.

"Kang, maigida, yau kuma ciki ne ko ɗalibinka ne?" in ji matarsa Lasiyem. "Ka koya wa mutum hira da doki, ga shi zai yi da sarki. Sai ka tafi masa da ciyawa."

"Ki bari, Nyi, uwargida. Ina da kwana uku."

Washegari ya fito wa gwamna fili. "Ndoro, ranka ya daɗe, abin da na koya maka na barga ne."

Gwamna ya yi dariya har ya buga tebur. "Tsohon ɓarawo! Shekara ashirin ina taƙama da shi?"

"Dawakai ba su taɓa ƙorafi ba, Ndoro."

Suka zauna. Panjenengan ta yi wa harshen Bature tsawo, takan karye masa a tsakiya kamar busasshen kara. A rana ta uku dai ta miƙe.

Da hantsi aka hallara a babban zauren bupati. Ƙanshin kanumfari ya cika wurin, fadawa sun zauna a ƙasa jere-jere, Merto ya durƙusa a gefen kujerar gwamna. Gaisuwa ta fita lafiya, kalma bayan kalma. Bupati ya yi murmushi, aka kawo shayi. Daɗin nasara ya kwashe gwamna, ya ɗaga kofi, ya dubi tsohon, ya tambaya da tsohuwar muryar bariki ko kowe ya sha.



Merto bai bar kalmar ta isa inda aka aike ta ba. Ya haɗa tafin hannuwansa a goshi, ya amsa da ƙarfi cikin harshen sama: "Ban sha ba tukuna, Ndoro. Bara ba ya riga iyayen gidansa." A zauren nan dai, in an ce kowe, ai da shi ake.

Bupati ya dube shi, ya daɗe. Ya san komai. Sai ya juya ga fadawansa. "Kun ga gwamna mai tuna ƙishirwar baransa? A ba ɗan gidanmu shayi."

Shekara goma sha ɗaya Merto ya yi yana wannan aiki. Duk sanda harshen gwamna ya zame, shi yake amsawa: ya sha tambaya kan lafiyar matan da bai aura ba da gonakin da bai mallaka ba, ya amsa kowacce da natsuwa. Da Ashdown ya hau jirgi ya koma ƙasar sanyi, bupati ya aika aka kira Merto, ya ba shi ɗaki kusa da zaure, ya danƙa masa jikokinsa ya koya musu magana. A wannan ɗakin ya tsufa.