Nonon da ya dawo

Shekaru sun ja, amma abin da na gani a ƙirjin ƙanwata wata ranar Asabar da hantsi, a ɗakinta da ke unguwar Sharafiyya, ba zai fita daga raina ba har ƙasa ta rufe mini ido.

A Jidda aka haife mu, ni da ita. Lalle take yi wa amare, kuma ba ta raina kwalliya. Bayan ta yaye ɗanta na uku sai ta fara ƙorafi cewa ƙirjinta ya zube, ba ta gane kanta a madubi. Ta ce za ta je a ɗaga mata shi. Na yi mata dariya.

"Ke da 'ya'ya uku, wa za ki burge?"

"Kaina, Yaya. Ni ba mutum ba ce?"

Mijinta direba ne, mai sauƙin kai. Ya ce in dai likita ta yarda, shi ma ya yarda. Ni na raka ta asibitin. Likitar ta duba ta sosai, ta matsa, ba ko ɗigo. Ta yi mana bayani a natse: ba a taɓa nono da wuƙa sai ruwansa ya ƙafe sarai, an kuma bar shi ya huta watanni, domin idan akwai ruwa a ciki zai iya taruwa a wurin ɗinki ya ruɓe. Ƙanwata ta ce ta yi yaye tun kafin aikin hajji. Gaskiya ta faɗa. Aka sa mata rana bayan wata biyu.

A tsakanin nan ne aka kama maƙwabciyarta. Baiwar Allah ce da ta zo umara ta zauna ba takarda, tana sayar da gyaɗa a kasuwar Bab Makka. Ta fita da safe ta bar jaririyarta wurin wata tsohuwa da ke gidan, ba ta dawo ba. Daga baya muka ji an mayar da ita gida Najeriya. Jaririyar ba ta fi wata huɗu ba, ba takarda, ba iƙamar zama a ƙasar, ba uban da aka sani a kusa. Ƙanwata ta ɗauke ta. Na san da wannan, har madarar gwangwani na saya na kai. Abin da ban sani ba shi ne yarinyar ta ƙi kwalba.

Ranar aikin ina tsaye likitar ta tambaye ta ko wani abu ya canza tun zuwanmu na farko. Ƙanwata ta ce da Larabci, "La, ma fi shai." Babu komai. Wanda bai tashi cikinmu ba zai ce ƙarya ce kawai. Amma mu tun muna yara aka koya mana cewa wanda ba shi da takarda ba a ambatonsa a gaban mai farar riga ko mai kaki, ko da ɗan da ka goya ne. Haka muke rufa wa juna asiri.

Aka yi aiki, aka sallame ta. Kwanaki kaɗan bayan haka na dafa mata farfesu na tafi. Na same ta kwance, jiki zafi kamar garwashi, tsohuwar na jijjiga jaririyar a bakin ƙofa, ita kuwa tana ta tsala kuka tana miƙa hannu wajen gadon. Sai na ga gaban rigar ƙanwata ya jiƙe. Na ɗauka gumi ne. Na ɗaga rigar, na janye bandejin a hankali.

Fari ne. Farin ruwan nono yana tsatsowa ta tsakanin ɗinkin, gefensa ya kumbura ya yi ja. Duk lokacin da yarinyar ta ƙara kuka sai ya ƙara fitowa.

Na ce, "Wannan mene ne? Ba kin yaye ba?"

Tsohuwar ce ta amsa. "'Yar nan, ai nonon dawowa ya yi. Ta sa mata a baki don ta yi shiru, Allah ya kawo ruwa. Har ana jibi aikin tana ba ta."

Ƙanwata ta juyo da ƙyar. "Na ɗaure shi da zane kwana biyu, Yaya. Na zaci ya tsaya."

"Me ya hana ki faɗa wa likita a ɗaga ranar?"

"In ta ce ɗan wa nake shayarwa, in ce mata me?"

Tun shekaranjiya take zazzaɓin, ta hana mijinta mayar da ita asibiti, duk saboda tambayar nan. Na ce yalla, mu tafi, ko ta so ko ta ƙi. Muka ɗauke ta. Da likitar ta gani ta dafe kai, ta ce, "Da kin gaya mini, wata shida kawai zan ce ki jira." Ba ta tambayi ɗan wane ne ba. Ko sau ɗaya ba ta tambaya ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Sun yi iya ƙoƙarinsu, amma cutar ta riga ta shiga jini. Ba ta kai Juma'a ba.

Yarinyar tana hannuna, ta girma. 'Ya'yan ƙanwata ƙanwarsu suke kiranta, kuma haka take, don nono ɗaya suka sha. Ban taɓa ɗora mata laifi ba, ban kuma ɗora wa ƙanwata ba. Ajali idan ya zo ba ya rasa dalili.

Sai dai na koyi abu biyu. Jikin mai shayarwa ba a yi masa gaggawa. Kwalliya tana iya jira, ba inda za ta. Sannan shirun da ke tsare mu a kan titi, ba a shiga da shi ɗakin likita. Duk macen da ta zo mini da maganar irin wannan aiki, ba na hana ta. Tambaya ɗaya nake yi mata: yaushe rabon da wani yaro, naki ko na wata, ya kama nononki?