Kwarkwaron Baba Firmin

A gindin masaƙa aka haifi Baba Firmin, a unguwarmu ta Croix-Rousse, kan tudun da ke kallon birnin Lyon. Haka yake gaya wa baƙi, kuma ba ƙari ya yi ba. Ɗaki ɗaya iyayensa suke da shi, masaƙar siliki ta cinye tsakiyarsa, su kuma suna kwana a wani ɗan benen katako can kusa da rufi. Bai taɓa aure ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Wace mace ce za ta jure wannan ƙarar tun asuba?"

Da saƙar hannu ta mutu, aka mayar da shagon ƙaramin gidan tarihi, aka bar shi a ciki, shi da masaƙar. Masu yawon buɗe ido sukan fara da tsoffin majami'un da ke ƙasa, su bi ta lungunan da ke ratsa gidajen mutane, su hawo matakala suna haki, sannan su zo su tsaya a kansa. Shekara talatin da ɗaya yana saƙa musu furen wardi, ja a kan fari. Da rana ya ci burodi da cuku mai tafarnuwa, ya wanke hannu sau biyu kafin ya taɓa zare.

Baba Firmin abokin mijina ne, wato Gaspard. Bayan rasuwar Gaspard shirun gida ya yi mini yawa, sai na riƙa zuwa bayan addu'ar safe in zauna a bencin baya da carbina. Ba ma hira. Ƙarar masaƙar nake so.

A bencin nan na lura. Da farko yana kai kwarkwaron zare kusa da hancinsa kamar mai shinshina. Sai wata Talata ya sa koren zare a ƙoshiyar saƙa maimakon ja, ya jefa shi tsakiyar furen. Baƙi suka tafa abinsu. Ni kuwa ban tafa ba, domin sabuwar shugabar gidan, Madam Perrachon, ta riga ta kafa allon bidiyo a bango, kuma kowa ya san ranar da idon Baba Firmin ya gaza, allon ne zai gaje shi.

Washegari na fito daga majami'a da wuri, na tarar da ƙofar baya ba kulle. Na jera masa kwarkwaron: fari a hagu, ja mai haske, ja mai duhu, kore can ƙarshe. Ya zo, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce wa bango, "Ɓerayen gidan nan sun iya aiki."

Shekara biyu muna haka. Bai gode ba, ban ce ni ce ba.

Ran nan a watan Mayu mota ta sauke mutum wajen arba'in. Baba Firmin yana cikin ba su labarin ubansa, wata mata mai faffaɗar hula ta kwashi kwarkwaron tana ɗaukar hoto, ta mayar da su yadda ta ga dama. Madam Perrachon tana tsaye a bakin ƙofa. Na matse carbina har ya yi mini shaida a tafin hannu.

Ya miƙa hannu inda ja yake zama. Kore ne a wurin. Ya ɗauka, ya juya shi a yatsunsa, ya tsaya. Daga baya ya ce mini ɗumin hannun wani ya ji a jikinsa.

"Jama'a," ya ce, "na yi muku ƙarya kaɗan. A unguwar nan masaƙi bai taɓa aiki shi kaɗai ba. Uwata ce take naɗa zare tana miƙa wa ubana. Ni ma ido ya tafi, da idon wata nake saƙa." Ya ɗaga murya. "Léontine! Kina nan, ko kin yi barci a kan carbin?"

"Ina nan, tsohon banza."

"To taso mana. Ja mai duhu."

Na ratsa mutane, na sa masa a hannu. Masaƙa ta tashi.

Da baƙi suka watse Madam Perrachon ta matso. Baba Firmin ya cire tabarau, ya fara kwance ɗamarar aikinsa.

"'Yata, ba sai kin faɗa ba. Kunna allonki."

"Baba, mayar da ɗamarar nan," ta ce. "Wa kake zaton yake barin ƙofar baya a buɗe ƙarfe bakwai?"

Ta fita, ta dawo da kujera mai matashi, ta ajiye a gefen masaƙar.

Bazara uku ke nan ina kanta. Wani lokaci bakina yana motsi, hankalina ya tafi wajen Gaspard, sai in ji an zungure ni da gwiwar hannu.

"Maƙwabciya, addu'ar ta jira. Fari."