Hannun Malam Badamasi Mai Zane

Malam Badamasi mutumin Ƙofar Sauri ne, kuma tun yana saurayi zanen taswirar gini ya sani. A wani ofishin ayyuka da ke GRA yake aiki, tsaye gaban faffaɗan allo, da rula da alƙalamin tawada. Ajujuwa, ɗakin shan magani, gidajen ma'aikata, duk sai sun bi ta hannunsa kafin a haƙa harsashi.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, aiki ya yi wa ofishin rubdugu. Kowane ɗan siyasa ya yi wa mazaɓarsa alkawarin gini, kowa kuma so yake a ga nasa ya tashi. A daidai lokacin ne hannun Badamasi na dama ya fara rawa.

Ranar da alƙalami ya kufce masa ya ja karkataccen layi a tsakiyar zanen da ya kusa gamawa, sai ya naɗe takardar ya cusa ƙarƙashin tebur. Daga nan ya koma juya wa abokan aiki baya in zai yi zane. A gida kuwa abin bai ɓoyu ba. Matarsa Bara'atu ta ga yana riƙe kofin koko da hannu biyu.

"Malam, mi ya samu hannun nan?"

"Gajiya ce."

"Gajiya ba ta hana mutum sa maɓallin riga. Don Allah ka je asibiti."

Ya je. Likita ya ce magani zai rage rawar, amma ba zai raba shi da ita ba.

Ana cikin haka shugaban sashensu, Injiniya Abdurrahim, ya tara su ya ce gwamnati za ta kawo kwamfutoci, kuma duk mai son zama a ɗakin zane sai ya koma kwaleji ya yi kwas. Wanda bai ci jarrabawar kwas ɗin ba, za a san inda za a kai shi. Tsofaffin ma'aikata suka yi ta gunaguni. Badamasi ne ya fara cewa zai je, don yana ganin na'ura ba ta san rawar hannu ba.

Kwas ɗin ba zane kaɗai ba ne. Akwai darasin kasuwanci, akwai na yadda kaya ke tasowa daga masana'anta har su isa wurin aiki: siminti, rodi, kwanon rufi, wa zai ɗauko, ina za a ajiye, yaushe za a sake odar wani. Waɗannan ba su ba shi wuya ba. Ɗakin kwamfuta ne ya tsinka masa zuciya. Da ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, sai 'yar kibiyar da ke fuskar na'urar ta shiga tsalle. Ya nufi kusurwar bango, layi ya faɗa tsakar ɗaki. 'Yan ajin, sa'o'in 'ya'yansa, suka ɗauka rashin sabo ne, suna dariya ƙasa-ƙasa.

Malamar darasin, Malama Furera, ba ta yi dariya ba. Da aka tashi ta tsayar da shi.

"Baba, ba rashin iyawa ba ne, ko?"

Ya miƙa hannun ta gani. "In ofis suka sani, na gama."

"Ni ba ofis ba ce. Amma jarrabawa sai ka zana da kanka, kuma mai dubawa daga waje zai zo."

Ta nuna masa wata hanya: maimakon jan layi da linzami, ya rubuta umarni da madannai, ya faɗa wa na'ura inda layi zai fara, tsawonsa da inda zai nufa. Hanyar na da jinkiri, kuma sai an haddace umarni da yawa. Ya kwashe watanni yana yi da yatsun hagu, har Bara'atu ta riƙa jin yana maimaita su a hanyar banɗaki.

Ran jarrabawa aka ba su zanen ƙaramin asibitin ƙauye. Ya tayar da bango, ya raba ɗakuna, abin yana tafiya. Sai mai dubawar, wani dogon mutum mai tabarau, ya zo ya tsaya a bayansa. Nan take hannun dama ya shiga kaɗawa a kan cinyarsa, na hagun ma ya ɗauka. Ya danna abin da bai yi niyya ba. Rabin ginin ya ɓace.

Ya ji wani ya ja kujera ya fita, ya gama nasa.

"Me ya sa ba ka taɓa linzami?" in ji mai dubawar.

"Ranka ya daɗe, hannuna ba ya tsayawa."

Mutumin bai matsa daga wurin ba. Badamasi ya danne hannun dama da gwiwa, ya yi bisimilla, ya lalubo umarnin da ke mayar da abin da aka goge. Bangon ya dawo. Lokaci ya cika bai sa tagogin baya ba.

Ya ci, amma da ƙyar. Da sakamako ya fito, ya shiga wurin Injiniya Abdurrahim da kansa ya faɗi lalurarsa. Injiniya ya daɗe yana kallon takardar sakamakon, ya ce zane da kwamfuta zai ci gaba da yi, amma aikin gaggawa yara za a ba. Abin ya yi wa Badamasi ciwo, bai dai yi musu ba.

Da rawar ta yi ƙarfi a hannun hagu bayan wasu shekaru, sai aka mayar da shi sashen kayan aiki, inda darasin nan na safarar kaya ya yi masa rana. A nan ya yi ritaya. Har ya bar aiki, in motar siminti ta makara a hanya, shi ake fara nema.